Kwana Ukun Sama'ilu

Kwana uku suka ce masa. Ina zaune a zauren lokacin da aka faɗa, don haka ba labari aka ba ni ba.

A damunar da taki ya gagari kowa ne, shekarar da mata suka koma kwaɗa tafasa da rana suna kiran ta abinci. A irin wannan shekara kunya ɗaya ta gona ta isa a yi faɗa a kanta. Da hantsi Dabo ya bar garmar shanunsa ta haura gambar da ke iyaka tsakanin gonarsa da gandun gidan marigayi Malam Abdussalam, ta cinye kunya biyu. Badaru, babban ɗan gidan, ya zo ta bayansa ya sauke masa ƙotar fartanya a ƙeya. Dabo ya kife bai ga wanda ya buge shi ba. Babu kowa a wurin sai Sama'ilu, ƙanen Badaru, wanda ya yar da tasa fartanyar ya saɓa Dabo a kafaɗa har bakin titi. Shi mutane suka gani da jini a riga.

Bayan azahar aka aiko kirana. Ni tsohon hedimasta ne, kuma a ƙauyenmu, nan yamma da Ɗambatta, duk wanda ya taɓa riƙe alli shi ne lauya, shi ne likita. Na tarar da Badaru zaune yana ta haɗa gumi, Sama'ilu a rakuɓe bakin ƙofa bai ko canza riga ba. Mahaifiyarsu, Inna Hure, tana tsaye daga cikin gida, labule ne kawai tsakaninmu. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce Babba. Sama'ilu kuwa Auta.

"Malam Iliyasu," in ji ta, "an ce 'yan sanda na tafe. Ka san gidan nan. Tun rasuwar ubansu ba a raba gona ba. Babba ne ke riƙe da gandu, shi ke fid da awo, shi shanun suka sani. In suka tafi da shi a tsakiyar noman nan, wa zai ci da mu?"

Badaru ya ce, "Rauni ne kawai. Dabo zai tashi. Gobe jibi mu je gaban dagaci a yi sulhu, kamar yadda aka yi na gidan su Bawa. Kwana uku, Auta. Kai ma aka gani da jinin. Ka ce kai ne, kafin Juma'a kana gida."

Sama'ilu ya dube ni. Na ce, "Inna, abin da ya shiga hannun hukuma ba ya fita da sulhun gida."

"Wannan a littafi ne, Malam," in ji Badaru. "Mu nan tun kakanni haka muke kashe wutarmu."

Sau ɗaya na faɗa, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji. Daga nan na yi shiru. Wannan shi ne nawa kason, kuma babu kotun da za ta tambaye ni a kai.

Inna Hure ta ce, "Auta, ni na haife ka. Ka rufa mana asiri."

Sama'ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Matarsa Larai tana rijiya lokacin. Ko da ta dawo da tulu a ka, 'yarsu Rahmatu a goye, motar 'yan sanda ta riga ta kai kwalta da shi.

A caji ofis wani ya rubuta takarda shafi ɗaya da Turanci, ya kama babban yatsan Sama'ilu ya dangwala a tawada, ya dangwala a ƙasan takardar. Ba a karanta masa ba. Bai nema ba, tun da ya san abin da ya zo faɗa. A rana ta uku, ranar da ya kamata ya dawo gida, Dabo ya cika a asibiti ba tare da ya sake magana ba. Takardar da ke cewa ya ji wa mutum rauni ta wayi gari tana cewa ya yi kisan kai.

Ni na raka Larai kotu. Muka zauna tun safe a benci har rana ta take. Da aka kira shi, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta wani abu cikin sauri, majistare ya ce kotunsa ba ta da hurumin sauraron laifin kisa, a ajiye wanda ake zargi a gidan yari har sai wani ofishi a Kano ya duba fayil ya ba da shawara. Bai fi minti biyar ba. Ba a tambayi Sama'ilu komai ba sai sunansa.

A waje Larai ta ce, "Malam, an gama ke nan?"

Na ce, "Ba a fara ba."

Bayan arba'in ɗin Dabo aka yi sulhun. Ƙanensa Muntaka, mutumin kirki, ya tsaya gaban dagaci ya ce sun yafe jinin saboda Allah, maƙwabtaka ta fi gaban kunya biyu. Aka shafa fatiha, dagaci ya buga hatimi a takarda. Badaru ya kalle ni yana murmushi. "Ka gani, Malam? Ina littafin naka?"

Na kai takardar da hannuna. Magatakardan kotu ya karanta ta har ƙarshe, ya jefa ta a durowa.

"Baba, ai ba ku ne masu ƙara ba. Ba Muntaka ne ya kawo shi ba, balle ya janye. Gwamnati ce mai ƙara."

Da na kawo wa Inna Hure wannan amsa, ta riƙe haɓa. "Gwamnati kuma? Ita 'yar'uwar Dabo ce? Ko gaisuwar mutuwa ba ta zo ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa yafiyar magada tana da nauyi, amma sai a gaban alƙalin da shari'ar ke hannunsa, ita kuwa ta Sama'ilu ba ta hannun kowa. Wanda ya tsare shi ba shi da ikon yi masa shari'a, wanda ke da ikon bai san da shi ba. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da tsince wake.

Ziyarar farko da muka kai wa Sama'ilu, har dariya ya ba mu. Yanzu sunan wurin gidan gyaran hali, an rubuta da sabon fenti a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, ka ga inda aka kawo ni gyara. Ɗakinmu sai kowa ya kwanta a gefe ɗaya, in za a juya sai shugaban ɗaki ya ba da umarni a juya tare. Ko sojoji albarka." Ya tambayi ko an yi maimai a gonar gero. Ya ce a gaida Yaya, a ce masa saniyar nan mai baƙin kunne ba ta son a ɗaure ta kusa da ɗayar.

Badaru bai zo ba. Lokacin noma ne. Wata biyu bayan nan lokacin girbin gero ne, sai yankan dawa, sai roron wake. Da rani ya shigo ya ce katangar gida ta zube sai an tayar kafin ruwa. Ban taɓa sanin manomi ba ya da ranar hutu ko ɗaya a shekara ba sai a kan Badaru. Sau ɗaya ya ba Larai ƙullin ƙuli-ƙuli ta kai, ya kuma ba da labarin haka a masallaci.

Duk wata ake fito da Sama'ilu a motar fursuna, in an samu mai. A kira sunansa, a ce shawara ba ta iso ba, a ɗage. Wani lokaci majistare ya tafi taro. Wani lokaci ma'aikata na yajin aiki. Larai ta haddace hanyar: tafiyar ƙafa zuwa kwalta, bas daga Ɗambatta, sannan layin mata masu ƙullin abinci a bakin ƙofa, ganduroba yana caka cokali a tuwon kowa.

A wata na tara ƙazuwa ta cinye masa hannuwa, ya daina miƙo su don kada Rahmatu ta taɓa. A na goma sha huɗu tari ya fara. Dariyar ta tafi. Larai ta matso jikin wayar da ta raba su ta ce a hankali, "Ka faɗa musu gaskiya mana. Ka ce ba kai ba ne."

"Wa zan faɗa wa?" in ji shi. "Tun ranar da na dangwala yatsa ba wanda ya sake tambayata komai."

Da ta dawo ranar, ta tsaya a bakin rijiya ta faɗa da ƙarfi a gaban mata, cewa mijinta bai taɓa Dabo ba, a tambayi mai riƙe da rumbu. Ba wadda ta ɗago kai. Guga ya ci gaba da sauka yana hawa. A nan ta gane abin da ni na daɗe da ganewa: garin duk ya sani. Har Muntaka ya sani. An dai ga cewa an riga an binne maganar, kuma tono ta zai ɓata zaman gida biyu. Da yamma Inna Hure ta kira ta ɗaki. "Ke yarinya, bakinki zai kashe mana gida. Shi da ke ciki ya yi haƙuri, ke da ke waje kina cin tuwo kin kasa?"

A wata na goma sha biyar muka haɗu da Barista Sauda, cikin lauyoyin da ke shiga gidajen yari suna taimakon waɗanda ba su da kowa. Yarinya ce ƙarama, mai saurin magana. Ta yi sati uku tana neman fayil ɗin. A caji ofis aka ce an aika Kano, a Kano aka ce bai iso ba, ɗan sandan da ya rubuta takardar an yi masa canjin wurin aiki. Na keɓe da ita na gaya mata abin da aka yi a zaure, duka, har da shirun da na yi.

Ta ce, "Baba, maganarka ce a gefe ɗaya, yatsansa a ɗaya gefen. In muka bi wannan hanyar sabon bincike ne, wata shida ko shekara. Ka ji tarin nan? Ba shi da wata shida. Mu fara fito da shi da rai."

Ta kuwa yi abin da ta ce. Ta kai maganar babbar kotu da takardar likita, alƙali ya ba da beli saboda rashin lafiya. Sharaɗi ɗaya ne: ɗan'uwansa na jini, mai gona, ya zo da kansa da takardar dagaci, ya sa hannu cewa ya tsaya masa.

Larai ta ce ita za ta tsaya. Magatakarda ya ce ba sa karɓar mace. Barista ta buɗe masa doka ta nuna masa babu inda aka hana, ya ce to ya ji, amma ita jininsa ce? Tana da gona? Na ce ni fa? Ni ba jininsa ba ne, gonata kuma ta tafi a jinyar marigayiya matata. Sama'ilu kansa, da ya yi shekara ashirin yana noma, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa da sunansa. Gandu ne, kuma gandu a hannun babba yake. A duk duniya mutum ɗaya ne ya cika sharaɗin.

Washegari da safe Badaru yana bakin rumbu yana fid da dawar ranar, Larai ta zo ta durƙusa a gabansa. Ina tsaye a ƙofar zaure, ita ta roƙe ni in zo.

"Yaya, sa hannu ne kawai. Ka je da safe, kafin la'asar kun dawo tare."

"Na ji."

"Yaushe?"

"Ke, ana yi wa mutum tsaye a ka haka? Na ce na ji."

"Jini yake tofarwa, Yaya."

Ya ajiye ƙwaryar. Ya dube ni, ya dube ta, ya rage murya. "Ku kuna ganin abin wasa ne. In shiga wurin nan da ƙafata, in rubuta sunana? In Auta ya gan ni ya buɗe baki fa? Mutum in ciwo ya ci shi ba ya sanin abin da yake faɗa."

"Wata goma sha shida bai buɗe ba," in ji Larai.

Inna Hure ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. "Ɗaya ya tafi, yanzu kina so in miƙa musu na biyu? Wannan lauyar taku wa ya san ta? Tarko ne. Su hukuma haka suke kama mutum, da daɗin baki."

Na ce, "Inna, ba tarko ba ne. Na ga takardar da idona."

"Kai ma ai kana wurin aka yi, Malam. Yau ne ka zama mai tsarki?"



Badaru ya ce Litinin. Ranar Litinin kafin gari ya gama wayewa ya bi motar wake zuwa Dawanau, wai kasuwa ba ta jira. Ya ce Alhamis. Ranar Alhamis ƙaya ta soke shi a ƙafa, ya ɗaure ta da tsumma ya zauna a zaure yana karɓar sannu. Dagaci ya kira shi ya yi masa magana, ya ce wallahi yana nan kan niyya, dawa ce ta nuna, in aka bar ta tsuntsu zai gama da ita, kuma ai Autan ma da ita za a ciyar da shi in ya fito. Dagaci ya ce wannan ma magana ce. Barista Sauda ta koma neman a sassauta sharaɗin, aka ba ta rana bayan sati biyar.

Ziyarar ƙarshe, fursunoni biyu ne suka riƙo shi. Rigar da Larai ta ɗinka masa da sallah ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Rahmatu, da ta fara magana yana ciki, ta ɓuya bayan uwarta ta ce ba ta san wannan ba. Ya daɗe yana tari kafin ya samu numfashi.

"Yaya bai zo ba?"

"Yana nan tafe," in ji Larai.

Ya yi ɗan murmushi, don ya san ta, ya kuma san wansa. "Ki ce masa ba zan faɗa ba. Ki ce na rantse da kabarin Baba. Ko kallonsa ba zan yi ba in yana tsoro. Ya zo kawai ya sa hannu. Ina so in kwana a ɗakina."

Ta kawo saƙon kalma da kalma, a tsakar gida, Inna Hure na ji. Badaru ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Allah sarki Auta. Da an kai dawar nan gida, wallahi, washegari."

An gama kai dawa gida ranar Talata. Laraba ya ce zai huta gajiya. Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara, Barista Sauda ce. Ta ce a turo ɗan'uwansa na jini ya sa hannu ya karɓi gawa.

Ban taɓa ganin Badaru ya shirya da sauri irin na ranar ba. Ya yi wanka, ya sa shaddarsa ta Juma'a, ya samo mota, ƙafar ma ta warke. Kafin azahar muna bakin ƙofar nan mai sabon fenti. Ganduroba ya ce, "Wane ne ɗan'uwan mamacin?"

"Ni ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka miƙo masa tawada. Ya dangwala yatsa ba ko gezau. Na leƙa littafin, a gaban sunan Sama'ilu an rubuta: mai jiran shari'a. Duka abin bai kai awa ɗaya ba.

Da la'asar muka iso gida. Aka shigar da shi ɗakinsa, aka shimfiɗe shi a tabarmarsa. Badaru ya fito tsakar gida yana kuka, maza na riƙe shi. Larai tana zaune a ƙofar ɗakin, idonta a bushe. Ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce da muryar da kowa ya ji:

"Ashe ka san hanyar, Yaya."

Wata tsohuwa ta ce zafin mutuwa ne, a yi mata uzuri.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, kwana ukun da aka yi masa alkawari. Na zauna a tabarma ina jin mutane na yaba wa Badaru, wai ya yi zumunci, ya je da kansa ya ɗauko ɗan'uwansa bai bar shi a hannun hukuma ba. Liman ya yi wa'azi a kan haƙuri. Inna Hure tana gaya wa masu gaisuwa cewa kwanansa ne ya ƙare, ko a gida yake da ya tafi. Larai ta shiga takaba, kuma kowace safiya daga rumbun nan ake auno mata dawa, da hannun nan.

Littattafan da ke ɗakina sun ce duk wanda ake zargi ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. To, Sama'ilu ya yi wata goma sha bakwai ba shi da laifi, ya mutu ba shi da laifi, a ɗakin da ake juyi da umarni. Babu alƙalin da ya yanke masa ko kwana ɗaya. Hukuncinsa a zaure aka yanke shi, bayan azahar, uwarsa na bayan labule, wansa na gabatar da ƙara, ni kuma ina zaune a matsayin mai ilimi.

An ɗage shari'arsa zuwa sha huɗu ga watan gobe. Barista ta ce ba lallai labarin mutuwarsa ya riga ranar isa kotu ba, tun da shi ma takarda ce, sai ta bi hanya. Za a fito bakin ƙofa a kira sunansa sau uku, kamar yadda aka saba. Na wanke rigata na ajiye. Zan je in amsa, in faɗi abin da aka yi a zauren nan da sunan kowa, har da nawa. Wannan karon da ƙarfi zan faɗa.